Jadawalin Kyamarar Gida Bai San Mai Gida Ya Yi Tafiya Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu domin in ja hankalin 'yan'uwa masu karatu a kan wani al'amari da ya shafi kyamarorin tsaro da muke kafawa a gidajenmu, musamman ganin cewa tafiya ba ta yanke mana: in ba Umara ba aikin Hajji, in ba hutun Sallah ba dogon hutun makaranta, in kuma ba ko ɗaya ba to biki ko ta'aziyya a wani gari. A 'yan shekarun nan kyamara ta sauko daga bankuna da gidajen manya ta shigo unguwanninmu, har ta kai duk wanda ya zagaya Farm Centre ko titin Beirut a nan Kano zai ga masu aiki da hasken rana da masu ɗaukar layin waya jibge a kan tebur ana cinikinsu kamar rediyo. Mai saye yakan tambayi kuɗi, ya tambayi ko tana gani da dare, ya tambayi ko zai iya kallon ƙofar gidansa daga Abuja. Abin da ban taɓa jin wani ya tambaya ba, ni ma kuma ban tambaya ba, shi ne abin da jadawalinta zai yi ranar da aka kulle gida aka kama hanya.

Ga wanda bai saba da su ba, yawancin waɗannan na'urori suna aiki ne da abin da zan kira yanayi. Akwai yanayin "ana gida", inda wasu kyamarorin ke rufe ido ko su daina turo saƙo domin kada su dami mai gida da motsin iyalinsa. Akwai yanayin "ba kowa", inda duk kyamarorin ke farke, suna naɗar kowane motsi, suna turo saƙo a waya, wasu ma har jiniya suke saki. Akwai kuma na kashewa ɗungurungum. Kamfanin Ring, wanda Amazon ya saya a 2018, a kan waɗannan ukun ya gina tsarinsa, kuma irin su Arlo da Eufy da Tapo suna da makamancin haka da ɗan bambancin suna. Tun da babu mai son ya riƙa latsa waya safe da yamma, sai aka ƙara jadawalin mako, wanda mutum zai rubuta sau ɗaya cewa a ƙarfe kaza na rana kaza na'ura ta sauya daga wannan yanayi zuwa wancan, daga nan ya manta da shi. A wannan mantuwar ne aka ci ni.

Kyamara huɗu ce a gidana: ɗaya a ƙofar shiga, ɗaya a wajen ajiye mota, ɗaya a tsakar gida, ɗaya kuma a lungun baya inda tankin ruwa da janareta suke. Ranar da aka kafa su na zauna da yaron da ya yi aikin muka tsara jadawali daidai da rayuwarmu. Daga Litinin zuwa Juma'a, da ƙarfe 7:30 na safe, bayan an kai yara makaranta ni da uwargida mun wuce wurin aiki, gida yana shiga yanayin "ba kowa". Da ƙarfe 2:00 na rana yana komawa "ana gida", kyamarar tsakar gida da ta lungun baya su mutu, domin nan ne mata suke wanki da girki ba mayafi, kuma ba na son ko ni kaina in riƙa samun hotonsu a waya. Da ƙarfe 11:00 na dare duk su farka har zuwa 6:00 na safe. Asabar da Lahadi kuwa yini ake yi a "ana gida". Fiye da shekara guda wannan tsari yana tafiya ba tare da na sake leƙa shi ba.

Da goman ƙarshe na azumi ta matso, Allah Ya nufe mu da zuwa Umara ni da uwargida. Muka kai yara gidan kakarsu a Zariya, muka kulle ko'ina. Ranar Asabar da hantsi, ina tsaye a bakin ƙofa direba yana sa jakunkuna a but, na ciro waya na latsa "ba kowa", na ga alamar ta sauya launi, har na nuna wa uwargida na ce mata gida ya shiga hannun mai gadin da ba ya gyangyaɗi. Kwanakin da muka yi a Madina wayata shiru take in ban da ɗan saƙon mai wucewa ta ƙofar gida, ni kuwa na ɗauki wannan shirun a matsayin lafiya. Muna Makka, saura kwana uku mu dawo, maƙwabcina na baya ya kira ni bayan an sha ruwa a can gida. Ya ce, "Alhaji, ka sa wani aiki ne a bayan gidanka? Na hango buhu an shimfiɗa shi a kan kwalaben katangarka." Na zauna a bakin gado a masauki na buɗe manhaja, na nemi kyamarar lungun baya, na ja yatsa a kan kwanakin da suka wuce. Akwai hoton safiya, akwai hoton tsakar dare da kyanwa tana ratsawa, amma daga ƙarfe 2:00 na rana zuwa 11:00 na dare babu komai, kowace rana, kamar an sa almakashi an yanke. Da na shiga wurin da manhajar ke ajiye tarihin abin da ta yi, sai ga shi layi bayan layi: an koma "ana gida" bisa jadawali, an koma "ana gida" bisa jadawali. Latsawar da na yi a bakin ƙofa ba ta wuce daren Asabar ɗin ba, domin da ƙarfe 6:00 na safiyar Lahadi jadawali ya ci gaba da harkarsa kamar muna nan.

An kwashe tukunyar gas biyu da batirin janareta, an kuma yanke wayar injin rijiyar burtsatse. Na gode wa Allah da abin ya tsaya a lungu ba a ɓalle ƙofar ɗaki ba. Da muka dawo na kai ƙorafi, jami'in da ya saurare ni ya ji ina da kyamara huɗu, sai ya gyara zama ya ce in nuna masa hoton, ni kuwa ban da abin nunawa sai kyanwa. Ba zan ambaci sunan kamfanin da ya ƙera kyamarar ba, domin na'urar ta yi daidai abin da na rubuta mata da hannuna shekara guda kafin nan.

Abin da na fahimta daga baya, wanda shi ne dalilin wannan wasiƙa, shi ne manhajojin nan iri biyu ne wajen yadda suke ɗaukar jadawali, kuma a fuskar waya ba a gane bambancin. A wasu, jadawali zaɓi ne guda a cikin jerin yanayoyi, kamar yadda yake a Eufy, ta yadda in ka zaɓi "ba kowa" ka ajiye jadawalin ke nan a gefe har sai ka dawo ka sake zaɓarsa. A wasu kuwa, kamar Blink, jadawali jerin umarni ne da ke tashi a kan lokacinsa, ko mene ne ka latsa da hannu kafin nan, saboda haka latsawarka tana da rai ne kawai zuwa umarni na gaba. Kamfanonin kuma suna sauya fasalin manhajojinsu lokaci zuwa lokaci, har abin da mutum ya sani bara ya iya canzawa bana. Don haka hanya ɗaya ce na yarda da ita, wato gwaji. Kwana biyu ko uku kafin tafiya, mai gida ya sa na'urar a yanayin da yake so ta zauna, ya bar ta ta kwana ta yini, ya duba bayan kowane lokacin da jadawali ya saba sauyawa ko tana nan inda ya bar ta. In ta koma, to jadawalin ne zai dakatar da shi da kansa. Na fi son dakatarwa a kan gogewa, domin wanda ya goge zai dawo a gajiye ya kasa tuna yadda ya tsara shi. In manhajar ba ta da wurin dakatarwa, sai a ɗauki hoton fuskar wayar a ajiye kafin a goge.

Abin mamaki, akwatunan naɗa irin na Hikvision da Dahua, waɗanda ake haɗa musu kyamarori da waya zuwa talabijin, suna da gurbi na musamman na ranakun hutu, inda ake sa ranar farawa da ranar ƙarewa, a kuma zana wa waɗannan kwanaki jadawalinsu daban. Na tambayi abokai da dama masu irin wannan akwati, ban sami wanda ya san da gurbin ba. Ƙananan kyamarorin waya kuwa, da yawansu mako kawai suka sani, Litinin zuwa Lahadi su sake zagayowa, ba su san ranar Sallah ba balle ashirin ga wata.

Akwai kuma waɗanda suka bar wa taswira aikin. Ana zana da'ira a kewayen gida, in wayar mai gida ta fita daga da'irar na'ura ta shiga "ba kowa", in ta dawo ta koma "ana gida". Tsarin Google Nest yana amfani da irin wannan. Dabara ce mai kyau ga mutum ɗaya mai waya ɗaya. Amma a gidan da aka haɗa wayoyi uku ko huɗu, ƙa'idar ita ce sai wayar ƙarshe ta fita, kuma tsohuwar wayar da aka bari a caji a kan durowa ta isa ta shaida wa na'ura cewa mutanen gida suna nan har ta mutu. Haka nan wayar da aka kashe mata wurin nuna inda take domin tattalin batir ba za ta faɗa wa kowa ta fita ba. Mai tafiya ya cire hannun taswira daga lamarin gaba ɗaya har ya dawo.

Sai dai, Malam Edita, labarina na gida ne da aka kulle babu kowa, kuma wannan ba shi ne galibin halin da muke ciki ba. Waɗanda suka ƙirƙiro "ana gida" da "ba kowa" sun yi tunanin gidan mata da miji da suke fita tare su kulle ƙofa. Gidan Bahaushe da wuya ya zama kango don mai gida ya yi tafiya. Hajiya tana ɗakinta, ƙanin uwargida ya zo kwana, mai aiki tana zuwa da safe, almajiri yana zuwa ɗaukar shara da karɓar abinci, maigadi yana zaure, wani lokaci ma amarya tana sashenta uwargida ce kawai ta bi Alhaji. A irin wannan gida, wanda ya latsa "ba kowa" ya tafi ya jawo wa kansa abu biyu. Wayarsa za ta yi ta kuka daga asuba zuwa dare har ya gaji ya toshe saƙonnin gaba ɗaya, wanda hakan daidai yake da kashe kyamarar. Na biyun ya fi muni, domin kyamarorin ciki da aka saba rufewa za su buɗe ido a kan mutanen da ba su san ana kallonsu ba, su naɗi hoton surukarsa tana alwala ko 'yar aikin gida tana gyara ɗaurin zani.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Aya ta 58 a Suratun Nur ta ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya: kafin sallar asuba, da lokacin da ake tuɓe tufafi saboda zafin rana, da bayan sallar isha'i. In an hana ɗan cikin gida kutsawa a waɗannan lokuta, ban ga yadda za a halatta wa idon gilashi da ke aika hoto zuwa wata ƙasa ba. Kuma hoton ba a wayar mai gida kaɗai yake tsayawa ba. A 2023 kamfanin Ring ya amince ya biya dala miliyan 5.8 domin sasantawa da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, bisa zargin cewa ma'aikatansa sun sami damar kallon bidiyon cikin gidajen masu hulɗa da shi. In haka ta faru a ƙasar da ake iya kai kamfani ƙara a ci shi tara, mu da muke sayen kyamarar da ko sunan maƙerinta ba mu iya karantawa ba sai mu yi wa kanmu faɗa.

Shawarata ga mai irin wannan gida ita ce ya rubuta jadawalin tafiya na musamman, ya gina shi a kan rayuwar waɗanda suka rage. Kyamarar ƙofa da ta katanga da ta lungun da ba a zama su kasance a farke dare da rana har ya dawo, babu sa'ar da za su huta. Ta tsakar gida ta bi sa'o'in barcin mutanen gidan, kuma a faɗa musu ƙarara cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza tana gani. Ta cikin falo ko ɗaki, in akwai, a zare ta daga soket a juya fuskarta bango, wanda ya fi kowane alkawarin manhaja tabbas. Sannan a tuna cewa sa'o'inmu ba na Turawa ba ne. A azumi gida yana tashi tun kafin asuba don sahur, yana yin shiru gab da magariba lokacin da kowa ya duƙufa kan buɗe-baki, a goman ƙarshe kuma yana iya zama wayam da tsakar dare an tafi tahajjudi. Ranar Juma'a da azahar maza sun tafi masallaci layi ya yi tsit. Ɓarawon unguwa ya san waɗannan lokuta fiye da yadda ya san sunansa, kuma ina da yaƙinin wanda ya haura katangata ya yi hakan ne ana jiran kiran sallar magariba.

Batun agogo ma yana da nasa tarkon. Saudiyya tana gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3, Sin da awa 7, Gana kuma tana bayanmu da awa 1, yayin da Nijar da Kamaru da Cadi suke daidai da mu. Ingila tana daidai da mu rabin shekara, ta koma baya da awa 1 a lokacin sanyinsu. Wayar matafiyi tana sauya agogonta da kanta da zarar ya sauka, saboda haka wanda ya zauna a masauki a Makka yana gyara jadawali dole ya tabbatar ko ƙarfe 11:00 da yake rubutawa na Kano ne ko na inda yake. Ya fi aminci a gama duk gyara kafin a hau jirgi. Akwai kuma kyamarorin da suke zuwa daga masana'anta da agogon birnin Beijing, in mai haɗawa bai gyara ba, umarnin da aka rubuta don 11:00 na dare zai tashi da 4:00 na yamma a nan. Wasu kuma in wuta ta ɗauke suka mutu, sukan farka da kwanan wata na shekarun baya har sai sun sami intanet sun daidaita kansu, akwatin naɗa kuwa yana da ɗan batir mai kamar kwabo a cikinsa wanda in ya ƙare agogon yake rikicewa. Duba wannan ba ya cin minti ɗaya: a buɗe hoton kyamara a kwatanta lokacin da ke rubuce a kusurwarsa da agogon hannu.

Duk wannan tsari kuwa yana tsaye ne a kan wuta da data, abubuwa biyu da ba mu da tabbas a kansu. Ba mu manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta. Wanda ya yi tafiya a wannan lokaci ya bar kyamara a kan wutar gwamnati kaɗai, ya bar ƙarfe ne kawai a bango. Ko ba a kai ga haka ba, mita mai kati tana iya cinye kuɗinta mai gida yana wata ƙasa, kuma inbata tana iya kashe kanta in batir ya yi ƙasa ta ƙi tashi sai an latsa ta da hannu. Na ga gidan da kyamarori suke kan sola amma na'urar da ke raba intanet tana kan soket ɗin da ba ya samun wuta sai an kawo, wato ido yana gani amma babu bakin faɗa. Wannan yana da muhimmanci ga jadawali musamman, domin a wasu kyamarorin umarnin sauya yanayi daga rumbun kamfanin yake zuwa ta intanet, in ya zo bai tarar da na'urar a kan layi ba tana iya zama a yanayin da take. Wannan ma hujja ce ta barin kyamarorin waje a yanayi ɗaya tak wanda ba ya bukatar wani umarni ya iso.

Data ta wata-wata kwana 30 take yi, alhazanmu kuwa sukan wuce haka kafin jirginsu ya dawo. A sayi wadda za ta zarce kwanakin tafiya, ko a bar kuɗi a layin a kunna sabuntawa. A kuma bincika da sunan wa aka yi rajistar layin da ke cikin kyamarar, domin sau da yawa yaron da ya haɗa ta ne ya sa wani layi nasa, in aka rufe shi saboda matsalar lambar NIN mai gida ba shi da bakin magana a ofishin kamfanin waya. Katin ajiya shi ma yana da iyaka da mutane ba sa lissafawa. Kyamarar da ke naɗa ba tsayawa da nauyin megabit 2 a sakan tana cin wajen gigabait 21 a yini, ke nan katin gigabait 64 kwana uku zai yi ya cika, ta fara goge na farko tana rubuta sabo a kansa. Wanda ya yi mako biyu ya dawo zai tarar da kwana ukun ƙarshe ne kawai. In aka sa ta naɗi motsi kaɗai, katin nan zai iya kai makonni, muddin ba a bar ta tana naɗar kowace akuya da ta gifta ba.

A nan ne gyaran ido yake shigowa. Hasken da kyamara ke gani da shi da dare yana jawo ƙwari, ƙwari su jawo gizo-gizo da tsaka, kuma zare ɗaya na yanar gizo-gizo da iska ke kaɗawa a gaban gilashi ya isa ya turo saƙo ɗari kafin gari ya waye. A farkon damina daren da shinge suka fito sai dai haƙuri. A lokacin hunturu ƙura tana rufe gilashin da farantin sola har caji ya ragu. A bazara kuma, kyamarorin batir da ke gane mutum ta zafin jikinsa suna raguwa da kaifi idan zafin gari ya kusa daidai da na jiki, abin da kowa ya san yana faruwa a nan a watan Afrilu da Mayu. Kafin tafiya a hau tsani a goge, a sare reshen da ke lilo a gabanta, a zana mata iyakar wurin da za ta kula da shi domin ta bar titi ta tsaya a kan ƙofa da katanga, sannan mutum ya bi ta gabanta da kansa, da rana da kuma dare, ya ga ko saƙon ya iso.

Saura tambayar da ta fi duka: in saƙon ya iso, wa zai tashi? Mai gida yana cikin jirgi awa huɗu zuwa biyar tsakanin Kano da Jidda, ko yana ɗawafi wayar tana cikin jaka, ko yana barci a ƙauyen da sabis sai an hau tudu. Ko ya gani a kan lokaci, kallon ɓarawo kawai zai yi daga nesa. Dole a sami mutum a kusa, ɗan'uwa ko maƙwabci amintacce, wanda saƙon zai riƙa zuwa wayarsa, yana kuma da lambar maigadi da ta 'yan sintirin unguwa. Manhajoji da yawa suna ba da damar a gayyaci wani ya riƙa kallo da asusunsa ba tare da an ba shi kalmar sirri ba, a zaɓa masa kyamarorin da zai gani, a hana shi taɓa jadawali, a kuma cire shi bayan an dawo. Miƙa kalmar sirri kuwa miƙa makullin gida ne da ba a karɓa a dawo da shi sai an sauya kwaɗo. Ni dai a nawa lamarin, abin da kyamara huɗu suka kasa, idon maƙwabci ne ya gano shi daga kan baranda.

Ina kira ga masu sayarwa da masu haɗa waɗannan na'urori, waɗanda da yawansu matasa ne masu ƙoƙari, da su ƙara minti goma a kan aikinsu. Kada su tsaya a nuna wa mai gida hoton ƙofarsa a waya ya yi murmushi ya biya. Su nuna masa inda jadawali yake da inda ake dakatar da shi, su gwada a gabansa ko latsawar hannu tana rinjayar jadawali ko jadawali ne ke rinjayarta, su gyara agogo, su yi bayanin duk wannan da Hausa tun da manhajojin da Turanci suke zuwa. Su kuma buɗe asusun da lambar mai gida da adireshinsa na imel, domin na san gidajen da har yau mai haɗawa ne ke riƙe da babban asusu, mai gida baƙo ne a kyamarar gidansa.

Da hutun Babbar Sallah ya zo muka tafi Zariya gaba ɗaya, na bi duk abin da na zayyana a sama, na dakatar da jadawali tun ranar Laraba, na gwada kwana biyu, na sa ƙanena a kan kyamarorin waje. Mun yi kwana shida lafiya. Abin da na manta shi ne dawowar. Mun iso bayan isha'i, uwargida ta riga ni sauka ta tura ƙofa da ƙaramin yaro a kafaɗa, sai jiniya ta ɓarke a kanta, maƙwabta suka fito da fitilu da sanduna, ƙanena kuma yana ta kirana daga Hotoro yana cewa an shiga gidan. Yanzu akwai takarda manne a bayan murfin akwatin tafiyata, gefe ɗaya abin da zan kashe kafin in fita, ɗaya gefen abin da zan mayar tun muna kan titin Zariya kafin mu shigo gari.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka, Ya tsare mana gidajenmu da iyalanmu.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
daga Kano.